Baba Rasaki, Mai Ƙananan Kayan Mota

Shekara takwas ke nan da muka raka Baba Rasaki makwancinsa. A watan nan ya yi ta faɗo mini a rai, domin makunnin fitilar tsohuwar motata ya mutu, na shafe mako uku ina yawon nemansa tsakanin Fagge da Sabon Gari.

Baba Rasaki Bayarabe ne, amma a Fagge aka haife shi, kuma in yana magana ba ka raba shi da Bakanon cikin gari. Maƙwabcinmu ne a Kwaciri, aminin mahaifina. Da mahaifina ya rasu sai abotar ta dawo kaina, duk da shekara ashirin da ya ba ni. Yana da ɗan shago a Sabon Gari, wanda in mutum biyu suka shiga, na ukun sai dai ya tsaya a waje. Ba ya sayar da inji ko giya ko taya. Abin da sauran 'yan kasuwa suka raina shi ya riƙe: mariƙin ƙofa na ciki, hannun ɗaga gilashi, maɓallin hon, makunnin waifa da na sigina, har da 'yan robobin nan da ke riƙe bangon ƙofa. In aka kawo motar da ta gama aiki za a yanka, kowa kan inji yake rufuwa. Shi kuwa sai ya shiga ciki ya zauna a kujerar direba kamar zai ja ta, ya dinga kwance kayan ɗaya bayan ɗaya, ya kai shago ya zuba a gwangwanayen madara da ya jera tun daga ƙasa har rufi.

Na taɓa tambayarsa me ya gani a wannan tarkace. Ya ce mini mutane ba don inji suke rabuwa da mota ba, inji ana gyara shi. Ranar da magidanci ya ɗauko surukinsa, aka zo sauka ƙofa ta ƙi buɗuwa daga ciki, sai da ya zagayo ya buɗe masa, daga ranar motar ta fara fita daga ransa.

Shekara shida kafin rasuwarsa ciwon suga ya tafi da ganinsa. Muka ɗauka shago ya rufu ke nan. Bai rufu ba. 'Yarsa Hajiya Sikira, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, takan sauke shi da safe ta ɗauke shi da yamma. Ni dai na rage zuwa da buƙata, ina ganin bai kamata in ɗora wa makaho wahala ba.

A wannan lokacin ne mahaifiyata ta faɗi ta karye a ƙugu. Bayan an yi mata aiki, likita ya ce sai an riƙa kai ta gashin ƙashi sau biyu a mako, in ba haka ba ƙafar ba za ta sake ɗaukarta ba. Inna ba ta iya zama a miƙe. Kujerar gaban motata kaɗai take jurewa, saboda faɗinta da laushinta, shi ma sai an kwantar da bayanta. Wata safiya na ja mariƙin da ke kwantar da kujerar, ya karye a hannuna, kujera ta tsaya ƙiƙam. Na aro motar ƙanena muka je, muka dawo Inna tana hawaye, ta ce ita ta haƙura da tafiya, a bar ta a kan shimfiɗarta.

Kwana tara ina yawo da guntun ƙarfen a aljihu. Sau uku ana ba ni mai kama da shi, in kai wa bakanike ya ƙi shiga. Mai walda ya liƙe shi, ya sake ɓallewa. Ran na goma Hajiya Sikira ta ce Baba yana nemana.

Na same shi zaune a bakin shago. Muka gaisa, ya tambayi jikin Inna, sannan ya ce, "Bukar, an ce kana yawo da ƙarfe a aljihu, kuma sau biyu kana wuce ƙofata."

Na ce, "Baba, ban so in wahalar da kai ba ne."

"Ido ne ya tafi. Miƙo shi nan."

Ya karɓa ya juya shi a tafin hannunsa, ya bi bakinsa da babban yatsa a hankali, yana motsa leɓe. Ya ce, "Wannan haƙori bakwai gare shi. Wanda suke ba ka shida ne, na ƙirar da ta biyo bayan taka. Tashi ka ɗauko mini gwangwani na huɗu a layin sama, daga hagu. Kada ka buɗe."

Na ɗauko. Ya kai shi kusa da kunnensa ya girgiza, ya ce ba shi ba ne, in ɗauko na kusa da shi. A cikin wannan ya zura yatsu biyu ya zaro wani abu naɗe a tsumma. Mariƙin ne, na ɓangaren dama, har robarsa ruwan toka irin ta cikin motata. Ya ce daga motar wani hedimasta ya cire shi, wadda aka yanka tun ina saurayi, kuma tun daga lokacin ba wanda ya tambaye shi. Har yau in na tuna yadda ya saurari gwangwanin nan, mamaki yake kama ni.

Washegari kujera ta kwanta. Inna ta koma gashi, kuma bayan wata huɗu ta taka da sanda ta tsallaka zuwa gidan Baba da ƙafarta don ta yi masa godiya.

Yanzu neman ya canza. A yawon da na yi na makunnin fitila, duk shagon da na shiga sai a ɗauki hotonsa da waya, a tura Legas ko Kwatano, kafin in gama gaisawa amsa ta dawo cewa babu. A ƙarshe mai rewaya ya dasa mini wani makunni daban a ƙasan sitiyari. Yana aiki, sai dai hannuna har yanzu tsohon wurin yake kai wa. An kuma gaya mini akwai na'urar da ke ƙera irin waɗannan robobi daga zane. Na san da Baba yana raye ba zai raina wannan ba, don ba mai ƙin sabon abu ba ne. Zai nemi a kai shi ya ji yadda take aiki, ya yi ta tasbihi, sannan ya tambaya ko hoto yana nuna bayan abu, inda haƙoran suke. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne sababbin motocin da aka kawar da maɓallansu, komai ya koma kan allon gilashi mai santsi. Na shiga irinta kwanaki, na rufe ido na shafa gabanta, ban gane komai ba.

Bai bar almajiri a sana'ar ba, kuma bai rubuta komai ba. Abin da ya sani ya tafi da shi, wannan asara ce da ba zan yi wa kwaskwarima ba. Bayan sadakar arba'in Hajiya Sikira ta kira kanikawa da masu kushin da suka saba da shi, ta raba musu kayan shagon kyauta, kamar yadda ya yi wasiyya.

Don haka kayan ba su ruɓe a ɗaki ba, suna kan titi. Akwai tsofaffin motoci a Kano da ke ɗauko yara daga makaranta, suna kai marasa lafiya asibiti, kuma a cikinsu akwai wani ɗan abu da Baba Rasaki ya kwance da hannunsa, ya goge, ya adana shekaru don wani mutum da bai sani ba. Kullum wani yana jan ƙofa ta buɗe, ya sauka ya kama gabansa, bai san sunan wanda ya tanadar masa ba. Ni na sani, shi ya sa na rubuta. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa.