Ranar da Aka Rufe Ni a Ɗakin Sanyin 'Yan Kifi

Abubuwa da yawa na zaman jami'a sun fara shige mini, har sunayen wasu malamanmu sai na yi da gaske nake tunowa. Amma ranar da aka tura ni ɗakin sanyin 'yan kifi a Sabon Gari aka ja ƙofa, duk a kan zaɓen makaranta, wannan kam sai dai in mutu da ita.

Shekarar da na gama sakandare ce. Jarrabawa ta yi kyau, saura 'yan kwanaki a rufe damar canza jami'a, ni kuwa na kafe sai Jos. Duk wanda ya tambaye ni dalili sai in ce karatun haɗa magunguna nake so, kuma da gaske ina son sa. Sai dai abin da ya fi ja na hotuna ne. Wata 'yar ajinmu ce ta nuna mini na yayarta a waya, 'yan mata cikin rigunan sanyi a kan duwatsu ana ta dariya, ga ciyawa kore shar. Ni 'yar Fagge da duk bazara ƙurajen zafi ke yi wa wuyana kaca-kaca, ai nan take na mato.

Umma ta ce sam. Ita abin da ta sani game da Jos shi ne abin da rediyo ke faɗa, rikici da dokar hana fita. Ga jami'a a Kano, in ji ta, me zan je nema a garin da ba mu da kowa? Kwana uku ina kumbure-kumbure, ina yajin cin abinci a gaban mutane, ina rama wa cikina a bayan ƙofa. Baba kuwa bai yi saurin yanke hukunci ba. Shi ɗan kasuwa ne da ba ya sayen kaya sai ya kwance ɗauri ya duba na ƙasa. A rana ta huɗu ya ce in sako hijabi in bi shi kasuwa.

Rumfar kwanuka gare shi a Kasuwar Sabon Gari. A bakin layinsu akwai wata dattijuwa 'yar Filato, Kirista, mai sayar da dankalin Turawa da kabeji, da muke kira Mama. Ita da Baba sun daɗe suna maƙwabtaka a kasuwar. In zai tafi masallaci ita ke duba masa rumfa, in motar kayanta ta iso tana coci shi ke karɓa. Baba ya zayyana mata komai, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce me na gani a garinsu. Bakina ya suɓuce na ce sanyi.

Dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta kamo hannuna, muka tsallaka titi zuwa inda ake sayar da daskararren kifi, ta yi ƙus-ƙus da mai wurin, ya buɗe wata ƙatuwar ƙofa.

"Shiga ki sha sanyi, 'yata. In kin ƙoshi ki buga, ina nan tsaye."

Da farko daɗi na ji, har da buɗe hannuwa. Can sai sanyin ya biyo ta silifas ɗina ya kama yatsu, hancina ya fara yoyo, haƙora suka shiga haɗuwa, ga ƙarnin kifi. Girman kai ya ce in daure, jiki ya ce ba da shi ba. Ban san sanda na fara dukan ƙofa da hannu biyu ba. Da na fito, rana mai ƙuna ta Kano da nake zagi kullum sai da na ji kamar in rungume ta. Mama ta ce ta san ta ɗan ƙara gishiri, amma in tuna da wankan safe da alwalar asuba da ruwan da ya kwana a bokiti, lokacin da sanyin garinsu ya kankama.

Da muka koma rumfa wasa ya ƙare. Baba ya tambaye ta maganar tsaro, ni kuma ina ta ƙifta mata ido ta ce lafiya lau. Ko kallona ba ta yi ba. Ta faɗi unguwannin da ya kamata in kama ɗaki in ban samu na makaranta ba, da waɗanda ko rakiya kada in yi in gari ya ɗau zafi. Ta ce hotunan nan na yini guda ne, sauran kwanakin karatu ne da kewar gida, kuma ƙawar kirki ita ce wadda in magariba ta yi ba ta gan ni ba za ta tashi nemana. A raina na ce shi ke nan, matar nan ta gama da ni. Haushinta na ji sosai.

Baba ya yunƙura zai tashi, ta ce ya dakata.

"Alhaji, ba zan ce maka babu abin da zai faru ba, wannan sai Allah. Ni ma baƙuwa na zo Kano, kuma na ga tashin hankali a nan. Ba katanga ce ta zaunar da ni ba, maƙwabta ne."

Ta kira ƙanwarta, ma'aikaciyar jinya da ke zaune kusa da makarantar, ta miƙa wa Baba wayar. Matar ta ce ɗakin 'yarta da ta yi aure yana nan a buɗe, ko da rana ko da wane lokaci, kuma babu mai hana ni shimfiɗa sallayata. Baba ya mayar wa Mama wayarta, sannan ya juyo gare ni.

"Kin ji sanyin, kin ji tsoron. Har yanzu kina so?"

Ranar na fara tunanin abin da gaske. Na cire duwatsu da rigunan sanyi daga raina, na duba abin da ya rage, na tarar karatun yana nan daram. Na ce ina so.

Saura Umma. Washegari ta yafa mayafi ta tafi kasuwar da kanta, ba ta gaya wa kowa ba. Ashe ta zauna a bencin Mama ta yi wa ƙanwar tambayoyi ta waya kamar mai binciken aure. Da la'asar ta shigo da wani ƙaton bargo na gwanjo, ta jefa mini a cinya, idonta ya yi ja.

"Kullum bayan magariba in ji muryarki. Ranar da ban ji ba, mota zan hau."

Na yi shekaruna a Jos, na sha sanyi, na yi ƙawaye na gari. Sau biyu gari ya rikice, sau biyun kuma a gidan ƙanwar Mama na kwana, matar tana dafa mini shayi tana kiran Umma ta kwantar mata da hankali. Yau in yara suka zo neman shawarar jami'a, nakan ce su nemi wanda zai faɗa musu aibin wurin ba kunya, shi ne mai ƙaunarsu. Sannan kafin su cike takarda, su san ƙofar da za su buga ranar da gari ya ɓaci.