Yatsan da Na Ƙi Dangwalawa

A wancan lokaci ni manomin rani ne a Bakura. Karatuna bai wuce in gane sunana a jikin buhun taki ba, amma wajen tsokana duk unguwa an sallama mini, har mai ɗakina da muka haura shekara talatin tare ban ƙyale ba. Wata rana da hantsi tana surfe sai ta saki taɓarya ta dafe ƙeya, ta ce kamar an sara mata gatari. Ni sarkin wayo na ce in tuwo ne ba ta son yi ta faɗa. Da amai ya zo, wuya ya sandare, na kira wanzami ya yi mata ƙaho, muka bi da hayaƙi, don kowa ya ce iska ce.

Wata ma'aikaciyar jinya Kirista, maƙwabciyar ƙanena a Talata Mafara, ita ta matsa muka tafi Sakkwato. Bayan hoton kai likita ya ce jijiyar jini ce ta kumbura kamar tsohon tiyon ban-ruwa, ta fara yoyo, in ba a ɗaure ba za ta fashe. Wannan na gane sarai. Ya miƙo takarda in dangwala yatsa, nan na ja baya. A wurinmu miji ba ya sa a yanka ɗiyar mutane danginta ba su sani ba. Ya ce in kira su a waya, na ce wanga zance ya fi ƙarfin waya. Ita kuwa ta kamo bakin rigata ta ce, "Malam, dangwala. Kan ai nawa ne." Na mayar da abin wasa, na ce tsoro nake a buɗe a ga asirin da take ɓoye mini.

Na hau mota zuwa Dosara, garin danginta. Wani yayanta ya ce kan da aka buɗe ba ya komawa daidai, wani ya ce a jira babbansu ya dawo daga Maradun. Kwana biyu muna nan, sai da limaminsu ya ce neman magani ba ya kore tawakkali, me nake zaune yi. Da na koma asibiti, na tarar an sauya zanin gadon, ta riga ta cika.

Na san ajali ba ya wuce ranarsa, amma ni ba da tawakkali na tafi Dosara ba, da tsoron bakin surukai na tafi. Jama'a, ciwon kai in ya faɗo farat ɗaya irin wanda mutum bai taɓa ji ba, ku bar ƙaho ku nufi asibiti, kuma ku saurari mai ciwon kafin dangi. Har yau in aka miƙo mini tawada wajen rabon taki, nakan tuna takardar nan kafin in dangwala.