Tawada Biyu a Takardar Gonar Manu

Da sunan Allah nake farawa. Na yi wannan tafiya a shekarar da aka canza takardun naira, lokacin da mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na cefane. Bayan ƙaramar Sallah ce, bazara ta yi ƙarfi, manoma kowa ya zuba wa gabas ido.

Sai na fara da dalilin tafiyar. Mahaifina Malam Sa'idu, Allah ya jiƙansa, shi ke rubuta wa mutane takardun ciniki da ajami. Sama da shekara arba'in da suka wuce ya rubuta takardar wata gona da mahaifin Manu ya saya a wani ƙauye kusa da Gwashi. Manu Bafulatani ne mai shanu da noma, bai iya karatu ba. Shekara uku kafin wannan tafiya ya kawo mini takardar a Gummi don in ɗinka mata kube na fata. Da na buɗe na ga rubutun ya dushe, sai na yi mata abin da muke yi wa littattafanmu in sun tsufa: na fiƙe alƙalami na bi kowane harafi da sabuwar tawada. Na ɗinke kuben na ba shi. Ban faɗa masa ba, don ban ɗauke shi abin faɗi ba.

Daga baya Sani, jikan wanda ya sayar da gonar, ya kai ƙara kotu a Bukkuyum, ya ce aro aka ba su Manu, ba sayarwa ba. Aka farke kube, aka kira ni, alƙali ya tambaye ni rubutun wane ne. Na rantse na ce na mahaifina ne. Sani ya ce takardar shekara arba'in ba ta yin baƙin tawada haka, jabu ce. Aka tsare Manu kwana tara kafin a ba da belinsa, aka hana shi shiga gonar. Ni kuwa tsoro ya kama ni, na yi shiru. Ina cikin wannan shiru takarda ta zo daga kotu, wai in kawo rubuce-rubucen mahaifina guda uku, za a kai su Anka.

Talata: Gummi zuwa Bukkuyum

Na fita gida ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, da gafakar mahaifina a kafaɗa. Ban san ukun da za su so ba, sai na ɗauko ta gaba ɗaya. A tasha na tarar ba motar da za ta motsa sai gari ya waye sarai, saboda halin da hanya take ciki. Sai ƙarfe bakwai da kwata muka tashi, mu huɗu a baya, biyu a gaba. Direban ya karɓi naira dubu biyu da ɗari biyar, ya ce a hannu yake so, ba ya karɓar kuɗin da ido bai gani ba.

Mun wuce shinge uku. A na biyu wani soja ya ce in buɗe gafaka. Ya juya takardun sama da ƙasa, ya ce, "Baba, magani ne?" Na ce takardun gona ne da wasiƙu. Ya ce in ba shi na bindiga in akwai. Aka yi dariya, muka wuce. Mun sauke mutum biyu a Nasarawa Burkullu, muka isa Bukkuyum ƙarfe goma saura.

Rajistaran kotu ya yi mini bayani, amma rabi na gane. Wai gwamnati da jami'a sun ƙulla yarjejeniya, duk shaidar da ake tababa a kanta za a riƙa kai wa malaman kimiyya su duba. Wasu daga cikinsu sun sauka Anka na kwana uku. Na ce to, malaman ajami ne? Ya ce a'a. Na ce to da me za su karanta? Ya ce ba karantawa za su yi ba, dubawa za su yi.

A gaban Manu da Sani aka sa takardar gonar cikin leda, aka sa ledar cikin ambulan, aka manne, aka buga hatimi, kowa ya dangwala yatsa a bakin mannin. Na ga gefenta ya lanƙwashe tun ba a rufe ba, na kai hannu in gyara. Mutum uku suka ce kada in taɓa. Takardar da ta kwana bakwai a ɗakina.

Da muka fito Manu ya kama hannuna da hannu biyu. Ya rame. Ya ce, "Malam, bayan Allah kai na shaidata. In ruwa ya sauka ban shuka ba, bana sai in sai da karsana in ci da iyali." Na ce Allah ya bayyana gaskiya. Ya ce amin. Na kwana a gidan limamin unguwa, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, na ci loma uku na wanke hannu.

Laraba: Bukkuyum zuwa Anka

Masinjan kotu, Garba, shi aka danƙa wa ambulan. Mutum ne gajere mai yawan magana, yana riƙe da wani ɗan littafi. Mun tashi ƙarfe goma da minti ashirin, ya rubuta. Muka tsaya shan mai, ya rubuta. Na ce Garba, lissafin me kake yi? Ya ce, "Hanyar takarda nike rubutawa, Malam. Duk inda ta tsaya, duk hannun da ta shiga. Haka anka koya muna a bita. In an samu rami guda, lauya ya ce nan anka musanya ta."

Na ce a raina wannan ai isnadi ne, irin na masu hadisi, wane daga wane. Sai kuma na tuna akwai hannu guda da ba ya cikin littafin Garba.

A wani shinge ɗan sanda ya ce a buɗe ambulan. Garba ya ce ba a buɗewa. Ɗan sandan ya ce shi hukuma ne. Garba ya ce, "Ni ma hukuma ta aiko ni, yallaɓai. In kana son buɗewa, bismilla, sai dai ka ba ni sunanka da lambarka in rubuta, ka zo kotu ka hwaɗi dalili." Ɗan sandan ya dubi littafin, ya ce mu tafi. Da azahar ta yi, motar ta yi faci, muka sauka yin salla. Na ce ya kawo in riƙe masa ya yi alwala. Ya ce a'a, in na riƙe sai ya rubuta ni. Ya cusa ta cikin riga, da ita ya yi ruku'u da sujada.

Mun shiga Anka ƙarfe biyu da rabi. Garba ya kai ambulan aka sa hannu aka kulle, aka ce mu dawo da safe. Na sauka wurin Alhaji Ummaru, wanda muka yi karatu zaure ɗaya. Ya sa aka kawo hoce da fura. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ban da abin da na ɓoye, sai ya ce, "Ai mun san irinsu. Lokacin da yara ka mutuwa Dareta, mu muna cewa iskoki, su sunka ɗibi ƙasa da jini sunka ce dalma ta. Mutanen ga suna ganin abin da ido bai gani." Ya ce in ƙara fura. Na ce na ƙoshi.

Bayan la'asar na zauna ina juya abin. In na bi sawun mahaifina harafi da harafi, rubutun nasa ne ko nawa? Da na ce wa alƙali nasa ne, gaskiya na faɗa ko ƙarya? Na laluba abin da na karanta na fiƙihu, ban tarar da babin ba.

Alhamis: Anka

Ƙarfe tara aka shigar da mu wani ɗaki a sakatariya, an toshe tagogi da baƙin yadi, janareta yana kuka a waje. Shugabar aikin mace ce daga jami'a, Dakta Hadiza, tare da wani jami'i daga ma'aikatar shari'a mai rubuta duk abin da aka yi. Ta gaishe ni da ladabi, ta sa safar hannu, ta duba hatimi da littafin Garba kafin ta yanke ambulan. Daga gafaka ta zaɓi wasiƙa ɗaya da takardun gona biyu.

Na zaci za ta ce in karanta. Ba ta ce ba. Ta tambaye ni da me mahaifina ke haɗa tawada. Na ce da 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera, shi ya sa take yin ja-ja in ta tsufa. Ta ce ni fa? Na ce gawayi da ƙaro. Jami'in ya rubuta.

Aka kashe wuta, ta kunna wata fitila mai shuɗin haske, takardar ta fito a fuskar kwamfuta, kowane harafi ya kai tafin hannu. Ta ce, "Baba, matso." Na matsa. A gefen kowane baƙin harafi akwai wani siriri yana leƙowa daga ƙasa. Inda mahaifina ke jan wutsiyar harafi ta yi tsawo, ni nawa ya tsaya a hanya, tasa ta wuce. Shekara goma sha tara da rasuwarsa, ga hannunsa ina gani a ƙarƙashin nawa.

Ta ɗauki lokaci tana gwada na ƙasan da takardun gafaka. Sannan ta ce, "Tawada biyu ce. Ta ƙasa tsohuwa, kuma hannun ya yi kama ƙwarai da na waɗannan. Ta sama daga baya aka bi."

Garba ya ce, "To, Manu ya ci ke nan?"

Ta ce, "Ban ce ba. Fitila ba ta san wanda ya bi ba, ba ta san dalilinsa ba. Akwai wurare uku da sabuwar ta rufe tsohuwar ruf, ba zan iya rantsuwa abin da ke ƙasa shi ne a sama ba. Haka zan rubuta."

Jami'in ya ce in haka ne ɗaya ɓangaren za su ce Manu ne ya sa aka gyara don ya canza iyaka. Na tambaya, duk wannan na'ura ba za ta wanke shi ba? Ta ce iyakar abin da ta gani za ta faɗa, don gyara irin wannan aka kawo su, a daina faɗin abin da ba a tabbatar ba.

Na yi kwana biyu ina tsoron na'urar za ta tona ni. Ashe ba za ta tona ba. In na ɗauki gafakata na fita, babu mai sani. Na dubi wutsiyar harafin nan, na ce, "Ni ne na bi."

Na faɗi yadda aka yi. Dakta ta ce, "Me ya sa, Baba?" Na ce haka muke yi, ba a barin rubutun malami ya mutu. Ta ce a cikin takardun da aka kawo musu wannan ce ta farko irinta, amma tana jin ba ita ce ta ƙarshe ba, dole su sa wannan al'ada cikin abin da suke koya wa ma'aikatan kotu. Ta ba ni takarda ta ce in rubuta layi biyar da hannuna. Ta gwada, jami'in ya rubuta bayanina, na sa hannu. Na tambaye shi ko za a tsare ni. Ya ce wannan na alƙali ne.

Ƙarfe ɗaya muka kamo hanya, muka iso Bukkuyum biyar saura kwata. Garba bai yi mini magana ba sai sau ɗaya. Ya ce, "Malam, kwana tara fa."

Juma'a: ƙauyen Manu

Da safe alƙali ya karanta rahoton, ya saurare ni. Ya yi mini faɗa a gaban jama'a, faɗan da ban ji irinsa ba tun ina gaban malamina. Ya soke tuhumar jabu, ya ce Manu ya shuka gonarsa bana, maganar iyaka kuma za a kira dattawan ƙauye bayan wata guda. Ni ya ce in tafi, shekaruna sun cece ni.

A waje na ce wa Manu ya yafe mini. Ya ce, "Bin da ka yi bai dame ni ba, Malam, alheri ka nufa. Shirun ne. Kuma ba nan anka kira ni maƙaryaci ba. Ƙofar masallacinmu anka hwaɗi, gaban surukaina. Can za ka hwaɗi."

Muka hau babura biyu ƙarfe goma da rabi, naira dubu uku kowanne, hanyar ƙasa mai ramuka, muka tsaya sau biyu wurin 'yan sa-kai. Mun isa ana kiran salla. Bayan an sallame liman ya ce jama'a su dakata, baƙo yana da magana. Na miƙe, na faɗi komai tun daga kube har fitila. Wani tsoho ya tambaya wace irin fitila ce ke ganin matacce. Na ce ni ma ban gane ta ba, na dai gani. Sani yana sahu na biyu, bai ɗaga kai ba.

Manu ya tashi ya ce, "Jama'a kun ji?" Aka ce an ji. Ya juyo ya ba ni hannu, ya ce, "Shi ke nan tsakaninmu, Malam. Na yahe, duniya da lahira. Taho mu ci abinci."

Asabar: gida

Na kwana a rugarsu, na taso ƙarfe bakwai, na sami mota a Bukkuyum ƙarfe goma, na shiga Gummi ana kiran azahar. Ina godiya ga Alhaji Ummaru da limamin da ya sauke ni, da Garba, da Dakta Hadiza wadda ta ƙi faɗin abin da ba ta gani ba. Har yau ban sami malamin da ya warware mini ko rantsuwata ta farko ƙarya ce ba, na dai yi kaffara don kokwanto. Allah ya jiƙan mahaifina, ya yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Alhamdu lillahi.