Anacleto Mai Aski da Kwarin Bayan Jaki

Ƙanena Anacleto aski ya yi a garinmu Fuzeta, shekara arba'in da ɗaya a shago guda, daura da kasuwar kifi. Ni na goya shi, saboda haka ina da bakin magana a kansa. Mutum ne mai gaskiya a komai, ban da abu ɗaya. Ka tambaye shi inda ya kamo kifi, sai ya dube ka ido cikin ido ya shirga maka ƙarya, ko ƙiftawa babu. Kuma ba shi kaɗai ba. Duk mai bin kifin robalo a gaɓar nan haka yake, har fadan cocinmu na da. In mutum ya ce maka gabas, to nemi shi yamma.

Sauran maza tsutsa suke sawa a ƙugiya, ko yankan sadin, su jefa su zauna suna hamma. Shi ya raina wannan. Da ƙuda yake kamu. Abin da suke kira ƙuda ƙugiya ce da ake ɗaure wa gashin zakara da zare har ta yi kama da ɗan kifi ko jatan lande. Ba ta da nauyin komai, don haka ba ta jefuwa sai da dabara. Nauyin yana cikin zaren, mai kauri kamar igiyar takalmi. Zai riƙa kaɗa sandar gaba da baya, hannun hagu yana fizgar zaren, zaren yana miƙewa a sama yana ƙara tsawo, sannan ya saki. Shekara biyu ya yi yana koyo a filin ƙwallo, ya ajiye farantin matarsa Benvinda a ƙasa yana jifa.

"Cleto, yau ciyawa nawa ka kama?" in ji masu wucewa.

"Wadda za ta ishe ka abincin rana," in ji shi.

Daga baya dariya ta ƙare. Daga taki talatin yana sa ƙudar nan cikin faranti, ko da iska tana dukan fuskarsa. In ya samu wanda ya zo aski, ba ya iya gudu, kumfa a fuska, sai ya buɗe karatu. Ka shiga ruwa lokacin da teku ya janye ya fara dawowa, kana jan ƙafa kamar ɓarawo. Kada inuwarka ta faɗa kan kifi. Kada ka jefa masa a ka, ka jefa taki ɗaya gabansa, ka ja kaɗan kaɗan kamar abin yana neman tsira. In ya kama, da hannu za ka fizga, ba da sanda ba. Duk wannan zai ba ka kyauta. Wurin ne dai ko matarsa ba ta sani ba. Har babur ɗinsa yakan ajiye a wani gefe, ya taka sa'a guda a ƙafa zuwa wani gefen, don kada a bi sawunsa.

Ni kuwa tonon ƙumba, 'yar halittar ruwa mai ɓawo biyu da ake ci, nake yi a cikin taɓo in ruwa ya janye, tun ina 'yar shekara tara. Mu ma muna da namu ɓoye-ɓoyen, kada in wanke kaina.

Ranar da nake son faɗa Talata ce, cikin Oktoba, kwana biyu da tsayuwar wata, lokacin da ruwa yake janyewa nesa ya kuma dawo da hauka. Hazo ya rufe teku tun asuba, ko tafin hannunka da ƙyar. Duk mai hankali ya zauna gida, ni ma ban fita ba. Wajen ƙarfe tara sai ga Benvinda a ƙofata, da takalmin ɗaki a ƙafarta.

"Yaya Idalina, bai buɗe shago ba."

Anacleto bai taɓa wuce takwas da rabi ba, ko ranar da aka haifi 'yarsa.

"Ina ya ce miki za shi?"

"Ya ce gonar gishiri. An ma ga babur ɗinsa a can. 'Yan sandan ruwa da maza duk sun tafi."

"Ke kuma kika yarda? Shekara talatin kina kwana da maƙaryaci, yau kika yarda?"

Ta fashe da kuka, na bar ta tsaye. Na san tunda babur yana gonar gishiri, to nan ne kaɗai wurin da ba ya nan. Gari guda yana ta kiran sunansa a inda shi da kansa ya tura su.

Na karɓi mabuɗi na shiga ɗan ɗakin bayan shago, inda yake ɗaure ƙudajensa. Ban san me nake nema ba. A kan tebur na ga ragowar aikin jiya. Ba dogon farin gashi ba ne irin wanda yake yin ɗan kifi da shi don bakin mashigi. Guntayen gashi ne ruwan ƙasa, an datse su zagaye, ga ƙananan ƙafafu na roba. Ɗaya da bai gama ba tana maƙale a matsi. Ƙaguwa ce, 'yar ƙarama kamar farcen babban yatsa.

Sai na zauna a kujerarsa. Kwana shida kafin nan, da bakina na ba shi labari. Na ce na ga robalo manya suna bin ƙananan ƙaguwa a ruwan da bai kai gwiwa ba, har wutsiyoyinsu a waje. Ya tambaye ni ina, na ja masa rai, sannan na faɗa, don ɗan'uwana ne. Akwai wani dogon tudun yashi da muke kira Bayan Jaki, a bayansa kuma akwai kwari mai taɓo. Nan ne gonata. Ƙumbar da ke kwarin nan babu irinta a duk gaɓar, kuma shekara ashirin ba wanda ya san ina zuwa can. Na san inda ake takawa da inda ba a takawa. Shi bai sani ba, kuma ban gaya masa ba. Ruwa in zai dawo, kwarin yake fara cikawa ta baya, kana kallon gabanka.

Yanzu ga abin da ban so faɗa ba. Jirgi mai inji ɗaya ne ya rage a matsaya, na Firmino, kuma Firmino bakinsa ya fi ƙofar kasuwa faɗi. Abin da ya ji da safe, kafin la'asar har karnuka sun sani. Na fito daga shagon, maimakon in yi dama wajensa, sai na yi hagu wajen ɗan kwalekwalena. Na ce a raina zan je ni kaɗai. Na kwance shi, na nemi filafili na rasa ɗaya, na koma gida na ɗauko, na tura na shiga. Ban yi taki ashirin ba ruwa ya juya ni kamar ɓawon gyaɗa ya mayar da ni gaɓa. A nan hankalina ya dawo. Agogon coci ya buga, na lissafa. Minti goma na zubar.

Na isa wajen Firmino da gudu, zanen gabana sharkaf.

"Tayar da inji! Bayan Jaki!"

"Bayan Jaki kuma? Me zai kai mutum can, Idalina? Ai babu komai sai taɓo."

"In ka ƙara tambaya ɗaya, wallahi da filafilin nan zan ba ka amsa."

Muka shiga hazo. Ban taɓa jin tsoro irin na tafiyar nan ba. Ba ka ganin komai sai fari, ruwa yana gudu ƙarƙashinmu yana gurnani. Firmino yakan kashe inji mu yi ihu, mu kasa kunne. Shiru. Na kira Uwar Yesu, na kira uwarmu da ke kabari, na yi alkawuran da har yau ban cika rabinsu ba. A karo na huɗu muka ji wani abu, ba murya ba, wani siririn fito a iska, fiu, fiu. Na san ƙarar nan daga filin ƙwallo. Zarensa ne yake kaɗawa, don muryarsa ta riga ta dushe.

Hazo ya ɗan yaye muka gan shi. Kai da kafaɗu kawai, da hannu ɗaya a sama riƙe da sanda. Ruwa ya kai masa ƙirji. Ƙafarsa ta nutse a taɓo, wandon robar nan da suke sawa har ƙirji ya cika da ruwa ya danne shi kamar an ɗaura masa buhun siminti. Tsakaninmu da shi ga tudun yashi, raƙuman ruwa suna fashewa a kansa.

"Matsa mana!" na ce wa Firmino.

"In na matsa za su buga mu da yashi su kife mu, mu zama uku. In na zagaya, minti ashirin ne."

Minti ashirin babu su. Firmino ya naɗe igiya ya wurga da duk ƙarfinsa, ko rabi ba ta kai ba. Ya sake, iska ta dawo mana da ita. Ya dube ni, na ga abin da ke idonsa, na ƙi yarda.

"Cleto!" na yi ihu. "Jefo mana ƙudarka! Ka ji ni, ɗan banza? Jefo!"

Ya fahimta. Na ga ya fara kaɗawa, hannu sama da kai don kada gwiwar hannunsa ta taɓa ruwa, sanyi yana kaɗa shi. Jifan farko ya faɗi taki biyar gabanmu. Ya tattara zaren a hankali, a hankali, har na ji kamar in mutu. Na biyu iska ta kwashe shi gefe. Wani raƙumin ruwa ya rufe kansa gaba ɗaya, na ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan ya fito yana tari. Ruwa ya kai wuya.

"Ƙasa ƙasa, ƙarƙashin iska, yadda kake cika mana baki!" na ce. "Ga faranti nan, ni ce farantin!"

Na miƙe tsaye a gaban jirgi na buɗe hannuwa. Ya jira iska ta numfasa. Ya kaɗa sau biyu kawai, ya fizga, ya saki. Zaren ya taho a kwance dab da ruwa, ya faɗo kan bakin jirgi. Amma jirgin yana juyawa, ƙudar ta fara zamewa za ta koma ruwa. Ban yi tunani ba, na danne ta da damtsena. Ƙugiyar ta shige nama har gindinta.

Jirgi ya ja baya, zare ya miƙe, na ji kamar ana zare mini jijiya. Firmino ya zaro wuƙa.

"Kada ka yanke! Ka taɓa zaren nan sai na kashe ka! Riƙe injinka!"

Da hannu ɗaya na jawo har na kamo wurin mai kauri, na ɗaura bakin igiyarmu a jiki, na ƙulle da haƙori. Sannan na ce wa Firmino ya yanke siririn zaren ta gefena. Anacleto ya riƙa ja, igiya tana bin zare tana shiga ruwa, ni ina sakar masa, jini yana bin yatsuna. Ta isa. Ya yar da sandar da ya fi so da komai, ya ɗaura igiya a ƙarƙashin hammata, ya kwance maɗaurin kafaɗa na wandon. Firmino ya ba inji wuta. Da farko ba abin da ya motsa, har na ce igiya za ta tsinke. Sai ya zare daga cikin wandon, muka jawo shi ta kan yashi, ta cikin raƙuman ruwa, yana birgima. Da muka ɗago shi leɓunansa sun yi shuɗi, ba ya magana, ruwa kawai yake amayarwa.

Kwana goma sha tara ya yi a asibiti. Ruwan da ya shaƙa a ƙarshen nan ya taɓa masa huhu, likita ya ce da an riga an ciro shi kafin ruwa ya fara rufe kansa, da sauƙi. Na ji wannan da kunnena. Bai sake shiga ruwa ba. Hawa matakala uku sai ya tsaya ya huta. Ya koma aski, yana yi yana zama. Kwarina kuwa, kafin Lahadi mutum goma sha ɗaya na ƙirga a ciki da bokitai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yabo. Duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya ji yadda Yaya Idalina ta karanta gashin zakara, yadda ta tare ƙugiya da jikinta. In na wuce sai ya kira ni in nuna tabo. Shekara tara ina nunawa ina murmushin dole.

A damunarsa ta ƙarshe, lokacin numfashi ya fara gagararsa, na je na same shi zaune a ƙofar gida an lulluɓe shi da bargo. Benvinda ta shiga dafa masa shayi. Na zauna, na faɗa masa duka. Hagun da na yi maimakon dama, filafilin da na koma ɗaukowa, agogon coci. Na ce saboda ƙumba ne, Cleto, saboda kada Firmino ya san wurin. Na fi tsoron fuskarsa a kan hazon ranar nan.

Ya kalli teku, ƙirjinsa yana ƙara.

"Minti nawa kika ce, Yaya?"

"Goma."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Na ji ruwa yana shigowa ta bayana tun da sauran hanya," ya ce. "Kifi yana ta cin ƙugiya. Na ce jifa ɗaya ya rage." Ya yi tari, ya goge baki. "Da ke ce a kwarin, ni ne a shago, wuri kuma nawa ne, da na fi minti goma."

Na zuba masa ido ina jira ya yi dariya. Bai yi ba.