Agogon da Ɗanka Ya Ba Ka

Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, ina shanya kaya a bayan ɗaki, ɗanka, maigidana, ya kira ni daga asibiti. Numfashinsa kawai nake ji a wayar. A nan na san ka tafi, Baba. Mu na Allah ne, kuma gare Shi ne komawarmu. A littattafan da nake karantawa, mai barin duniya yakan tara iyalinsa ya yi musu doguwar magana. Kai kuwa ruwa ka nema, ka sha, ka ce a gyara maka matashi, shi ke nan.

Surukina ne kai, amma tun da na shigo gidanku ban ga bambancinka da mahaifina ba. Sana'arka saye da sayar da tsofaffin agoguna masu tsada, a ɗan shagon nan mai ƙofar gilashi da ke tsakanin kantin magani da mai gyaran takalma. Da idonka ya fara rauni, ni ce nake zuwa in zauna kusa da kai, in karanta maka ƙananan lambobin da ke bayan agogo. In babu mai ciniki sai in buɗe littafina. Kai kuma ba ka barina.

"Malama, sun yi auren ne, ko har yanzu ana kuka?"

"Da saura, Baba."

"To, Allah Ya ba su haƙuri. Mu ma Ya ba mu."

Ba na manta wata baiwar Allah da ta zo da agogon mijinta da ya rasu, a ƙulle cikin hankici. So take a goge mata shi ya yi ƙyalli kafin ta sayar. Ka maƙala ɗan madubinka a ido, ka daɗe kana dubawa, sannan ka ce mata kada ta kuskura. Ka yi mata bayani a hankali, kamar mai lallashin yaro. Agogon da bai daɗe da fitowa ba, in an kai shi kamfaninsa an yi masa sabis, mai saye ya fi samun natsuwa. Amma tsoho irin wannan, kuɗinsa yana cikin tsufansa: fuskar da ta dushe, hannayen asali, da kaifin gefensa da injin gogewa bai ci ba. A wanke masa inji a sa mai, amma kada a taɓa fuska. Ka ce mata kai ba ka da ƙarfin sayensa a kan darajarsa, ka haɗa ta da wanda zai iya. Da ka yi shiru ka saye shi da araha, babu wanda zai sani. Ta fita tana share hawaye da hankicin, kai kuma ka koma kan shayinka da ya huce.

Kai ma kana da naka guda ɗaya wanda ba na sayarwa ba. Ka saye shi tun kafin ka auri Mama. Fuskarsa a da baƙa ce, rana da shekaru suka mayar da ita ruwan ƙasa-ƙasa. Dillalai sun sha zuwa zawarcinsa, kana korarsu da dariya.

Ɗanka, maigidana, bai taɓa son zaman shago ba. Shi mai gyaran jikin mota ne da fenti, kuma a wurinsa abu ba ya daraja sai ya yi sheƙi. Duk motar da ta fito daga hannunsa kamar sabuwa, kuɗinta ƙaruwa yake yi. Lokacin da aka yi maka tiyatar farko a asibiti, aka cire maka agogon, ya lura yana jinkiri. Sai ya ce maka ya adana shi, alhali ya aika da shi kamfanin da ya ƙera shi, ya ce su mayar da shi sabo fil. Ko ni bai gaya wa ba, don ya san cikina ba ya riƙe labari mai daɗi. Watanni ya yi yana karɓar aikin da ya fi ƙarfinsa don ya biya su. Su kuwa abin da ya ce shi suka yi. Suka sa sabuwar fuska baƙa wuluk, suka canza hannaye, suka goge jikin har mutum na ganin kansa a ciki.

Ina wurin ranar da ya kawo maka shi a falo, cikin ɗan akwati. Ya durƙusa a gabanka, hannunsa duk tabon fenti, yana murmushi kamar yaron da ya zo na ɗaya a aji. Ka buɗe. Ni da na zauna a shagonka na san abin da nake kallo. Na ga babban yatsanka ya bi gefen agogon yana neman kaifin da babu shi. Sannan ka miƙa masa hannu.

"Ɗaura mini da kanka," ka ce. "Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya ba ka masu yi maka."

Da ya fita raka baƙo, na kasa riƙe hawayena. Na ce, "Baba, sun ɓata shi."

Ka ce, "Rabin kuɗinsa ya tafi, Malama, wataƙila ma fiye. Wancan agogon ni na saya wa kaina, ya yi zamaninsa. Shekara nawa ina sayar wa mutane agogo su kai wa iyayensu? Ni ban taɓa samun wanda ya ba ni ba sai yau." Ka ɗaga hannu kana kallonsa. "Ki yi mini alkawari ba zai ji daga bakinki ba."

Na yi maka alkawarin.

Daga ranar ba ka ƙara raba shi da hannunka ba. Amma na lura da wani abu da ko Mama ba ta lura da shi ba. Duk sanda abokan sana'arka za su zo gaishe ka, sai ka sa riga mai dogon hannu ka ja ta har wuyan hannu, ko da ana zafi, don kada wani ya gani ya yi suɓul da baka a gaban ɗanka. In sun tafi ka naɗe hannun rigar, ka ce da ni, "Duba mini, ƙarfe nawa agogon ɗana ya ce?"

Yanzu ba ka nan, babu mai jan hannun riga. Makon da ya wuce Yaya Babba, wan maigidana, ya kira dillalai su yi wa kayan shago kuɗi saboda rabon gado. Da aka zo kan agogonka, wani tsohon abokinka ya juya shi, ya yi salati, ya ce, "Wane ne ya yi wannan ɗanyen aiki?" Bai san wanda ya sa aka yi aikin yana tsaye a bayansa ba. Ya faɗi abin da agogon zai yi a da, ya faɗi abin da zai yi yanzu. Yaya Babba bai yi faɗa ba, ya dai ce wa ƙanensa, "Da ka tambaya." Auta, ƙanwarsu, kuwa tashi ta yi ta fita.

Tun ranar ɗanka ba ya cin abinci sai na matsa. Ba kuɗin ne ke cinsa ba, ya riga ya ce a cire asarar daga rabonsa. Tambaya ɗaya yake maimaita mini: "Kina ganin Baba ya sani? In ya sani, da wane ido ya riƙa kallona duk watannin nan? Da baƙin cikina ya tafi?" Ni kuma in sunkuyar da kai in ce Allah ne Masani, alhali amsar tana bakina. Jiya na same shi zaune a cikin mota a ƙofar gida, bai kunna ba, bai fito ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Yadda ka rufa wa ɗanka asiri, ka rufa wa matar da ba ka sani ba, Allah Ya rufa maka naka ranar da babu mai rufawa sai Shi. Ya sa Aljanna ce makomarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda har yau take zuba shayi kofi biyu da safe kafin ta tuna. Ina yi wa Yaya Babba da Auta da sauran 'ya'ya da jikoki, da abokan sana'arka da maƙwabtan shago. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya haɗa kanmu a bayanka.

Ka yafe mini, Baba. Ka sa ni yin shiru ne don kada ransa ya ɓaci, yanzu kuwa shirun ne ke ɓata shi. Na yanke shawara ba zan ƙara riƙewa ba. Kafin kowa ya karanta wannan, shi zan fara miƙa wa, in zauna kusa da shi har ya gama.