Kawu Arzika bai cewa lahiya lau

Duk Filinge an san ba a gaida Kawu Arzika in ana sauri. Ka ce mai "Ina kwana?" sai ya riƙe hannunka.

"Wa ya hwaɗa maka na yi kwana? Gwiwa ta hana, sauro ya ida."

Ran kasuwa masu jakai daga Tabla har kewaye rumfarshi suke. Liman ya taɓa yi mai nasiha, mumini shi ce da godiya. Kawu ya ce, "Ina godiya, Malam. Gwiwar ce ba ta yi."

Ni ma da nike ɗiyar ƙanwarshi na sha faɗa da shi kan wanga hali, har Isuhu ɗana ya komo daga Yamai da diplom, babu aiki. Ya yi kwankur, jarrabawar ɗaukar aiki, ya faɗi, ya sake ya faɗi. Kowa ya gan shi sai "Saki ranka, yi murmushi, naka na tahe." Yaro ya yi ta murmushi har ya bar fita. Hurar da nike aje mai bakin ƙofa haka nike ɗaukar ta. Na fara jin shina tambayar kuɗin mota zuwa Agadas, hanyar masu ƙetare hamada.

Sai ga Kawu da sandarshi, ya doki ƙyaure.

"Malam Zaman-banza, fito. Ina aiki?"

"Da godiya, Kaka."

"Wane aikin? Kwarkwata ma ta fi ka abin yi. Zamna mu gwada wa ya fi wahala. Ni gwiwa. Kai hwa?"

Isuhu ya ce, "Kunya. Ƙannena na kallona."

"To, ka ci wannan. Gobe zan rama."

Kullum la'asar suna bisa tabarma suna ƙorafi kamar masu ciniki. Nan na sake jin dariyar ɗana, kwano kuma ya riƙa komowa wayam.

Da damina Kawu ya rasu. Aiki bai zo ba har yau, Isuhu ya koma ce mini "Lahiya lau, Inna." Kalmar nan tsoro take ba ni, don hura ta koma kwana bakin ƙofa. Jiya na shimfiɗa tabarma ƙofar ɗakinshi na ce, "Ƙuguna na ciwo, gero ya yi tsada, kai kuma ka ishe ni."

Ya leƙo. "Inna, ba ki iya ba. Ke faɗa kike."

Amma ya ɗauki hurar.

Allah ka jiƙan Kawu, ka hutar da gwiwarshi. Yaron da ya bar mini, ka riƙe mini shi.