Baba Ishaku da Sakatarori Biyu

"To, kwatar ma sai ku raba ta biyu," in ji Baba Ishaku. "Ruwan gidan Ɗahiru in ya zo iyaka ya tsaya ya nuna fasfo."

Aka yi dariya, ban da Ɗahiru. "Baba, ba wasa muke ba. Soja sun tafi, kowa zaɓen nasa yake. Mu na gabashin layi mu zaɓi sakatarenmu, su Gidiyon na yamma su zaɓi nasu."

"Mu ma haka muke so," in ji Gidiyon, bai ko kalle shi ba.

A ƙofar gidan Baba muke zaune a Gyadi-Gyadi, ba a jima da rantsar da gwamnatin farar hula ta 1999 ba. Damina ta kama, kwatar layinmu a toshe, kuma bara ruwa ya ci katangu. Ƙungiyar layi ce kaɗai take iya fito da mutane yasa. In ta rabu, babu mai taɓa shebur. Kowa kuma ya san abin da ba a faɗa ba: gabas yawanci Musulmi ne, ma'aikatan asibitin koyarwa irin su Ɗahiru, yamma kuwa mutanen Kudancin Kaduna da Filato.

Baba Ishaku daga wajen Kafanchan ya zo Kano yana saurayi. Tsarin mulkin Birtaniya ya koyar a sakandare, har ɗalibai suka sa masa Firayim Minista, alhali bai taɓa taka Ingila ba. Da aka koma tsarin shugaban ƙasa a 1979, darasin nasa ya rage daraja, amma bai fasa ba har ya yi ritaya. Duk shekarun soja shi ya riƙe muƙamin sakataren ƙungiyar, don ba mai so. Ni dai a tabarmarsa na san ana iya jin tarihin wata ƙasa kamar labarin maƙwabta.

Ya gyara zama. "Manyan kujerun Ingila huɗu ne: firayim minista, mai baitulmali, na cikin gida, na harkokin waje. Biyun ƙarshen nan ba haka suka fara ba. Sakataren arewa ne da na kudu."

"Su ma?" in ji Gidiyon.

"Su ma. Sun raba ƙasashen Turai a tsakaninsu, harkar cikin gida kuwa kowa yana sa hannu. Sama da shekara ɗari biyu ke nan da suka sake lissafi, suka raba da aiki maimakon shiyya. Na kudu ya ɗauki cikin gida, na arewa ya ɗauki waje. Har yau a haka suke."

Mama Rahila, matarsa, ta leƙo daga zaure. "Ya kai ku Landan ko? Ku riƙe shi ya dawo, tuwo na hucewa."

"Na dawo, Mama. Sakatare biyu kuke so, ku yi biyu. Ɗaya na cikin layi: kwata, shara, 'yan sintiri. Ɗaya na waje, ya je sakatariyar ƙaramar hukumar Tarauni ya samo mana motar kwashe yashi. Gidiyon birkila ne, ya san kwata. Ɗahiru kuwa ba ofishin da bai yi wa mai shi allura ba."

Ɗahiru ya ce, "Ke nan Gidiyon zai buga min ƙofa ya ce in fito da shebur?"

"Ƙwarai. Kai kuma za ka tsaya gaban ciyaman ka yi magana da yawun gidan Gidiyon."

"Zan buga da ƙarfi, Malam nas," in ji Gidiyon. "Na san barcinka."

"Ka buga. Amma in mota ta zo, kai za ka fara lodi. Kai fa, Baba?"

"Na sauka. Masu bindiga ma sun sauka, balle mai alli."

Aka ɗaga hannu, gabas da yamma, aka amince, aka tsayar da Asabar ranar yasa. Baba ya bi hannuwan da kallo kamar yana duba aji, ya gyaɗa kai. Sai ya zura takalmansa, ya ce akwai tsohon ɗalibinsa a Darmanawa mai baro, gara ya je aro tun wani bai riga shi ba. Ya kama hanya.